Da wane kuɗi ake gina kotu, kuma wa ke biyan bashin?

Malam Na-Birni ya rubuta:

Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina da wata tambaya da ta kwana biyu tana yi mini yawo a zuciya, kuma na san a wannan zaure akwai waɗanda suka yi aikin gwamnati da waɗanda ke zaune a ƙasashen waje, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta nan.

A watan jiya na raka wani ɗan uwana wata kotu a ɗaya daga cikin garuruwan jiharmu ta Damagaram, a kan rikicin gona da ya gagari mai gari da sarkin yankin. Mun isa tun ƙarfe takwas na safe. Ɗakin shari'a guda ɗaya ne, bencinan cikinsa ba su ɗauki rabin jama'ar da ta zo ba, sai muka koma gindin wata bishiyar dogon yaro, shaidunmu da shaidun abokan shari'armu a inuwa guda, kowa yana satar kallon ɗan uwansa. Da na leƙa ofishin magatakarda, sai na ga takardun shari'o'i an ɗaure su da igiya an jibge a kan kabad har sun kusa taɓa rufi, ga kuma tabon ruwan daminar bara a jikin bango, daidai bayan takardun.

Da dare ina ba ƙanena da ke Amurka labari ta waya, sai ya ce a can ƙaramar hukuma ce ke cin bashi ta gina kotu, har ma akan sa tambayar a takardar zaɓe, mutanen gari su ce sun yarda ko ba su yarda ba. Abin ya ɗaure mini kai. Wa ke ba ƙaramar hukuma rancen? Na fahimci a ci bashi a gina kasuwa ko tashar mota, domin rumfa tana kawo haya, mota tana biyan kuɗin shiga, amma kotu me take sayarwa da za ta biya bashinta? Sannan shin ma'aikatar magajin garin Zinder, ko wata ƙaramar hukuma tamu, za ta iya yin irin wannan?

Ɗan Zango a Amurka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ƙanenka ya faɗa maka gaskiya, kuma ni ma na sha ganin irin wannan tambaya a takardun da ake rabawa gida-gida kafin zaɓe.

Amurka tana da gundumomi, wato irin ƙananan hukumomin da ƙanenka ke nufi, fiye da 3,000, kuma a jihohi da yawa gunduma ce ke da alhakin ginin kotun jiha da ke cikinta da gidan wakafi, ko da kuwa ba ita ke naɗa alƙali ba. Idan ginin ya tsufa, gunduma ba ta cika zuwa banki ta roƙi rance kamar yadda ɗan kasuwa ke yi ba. Takardun lamuni take fitarwa, wato ta yanka bashin gunduwa-gunduwa, galibi dala 5,000 kowace takarda, ta sayar wa duk mai so: bankuna, kamfanonin inshora, asusun masu zuba jari, har da ɗaiɗaikun mutane masu ajiyar tsufa. Wanda ya sayi takarda yakan karɓi kuɗin ruwa sau biyu a shekara, idan wa'adi ya cika a mayar masa da uwar kuɗinsa. Wa'adin yakan kai shekara 20 ko 30, da hujjar cewa ginin da jikoki za su yi shari'a a cikinsa bai kamata a ɗora wa mutanen shekara guda nauyinsa ba.

Tambayarka ta biyu ita ce gishirin maganar. Kotu ba ta sayar da komai, saboda haka abin da ake jinginarwa shi ne harajin gidaje da filaye na dukan mazauna gundumar. Gunduma tana yi wa masu ba ta bashi alkawarin cewa idan kuɗi bai isa ba za ta ƙara harajin har ya isa. To, tunda aljihun mai gida za a taɓa, dokokin jihohi da dama sun ce sai an tambaye shi tukuna. A Kalifoniya, alal misali, irin wannan bashi na gunduma sai kashi biyu cikin uku na masu ƙuri'a sun amince. Kafin zaɓe akan bayyana wa mutane cewa mai gida mai daraja kaza zai ga ƙarin dala kaza a harajinsa na shekara, kuma sau da yawa mutane sukan ƙi, domin sun fi son a ciyo bashi don makarantar ƴaƴansu a kan ginin da ba sa fatan shiga.

Abu biyu ne ke sa rancen ya zo da sauƙi. Na farko, tun 1913 da aka kafa harajin kuɗin shiga na tarayya, kuɗin ruwan irin waɗannan takardu ba ya cikin abin da gwamnatin tarayya ke cire wa haraji, don haka mai saye yana yarda da ruwa kaɗan. Na biyu, akwai kamfanoni irin su Moody's da Fitch da ke binciken littattafan kuɗin gunduma su ba ta maki, kuma gwargwadon kyan makinta gwargwadon rangwamen da take samu.

Akwai kuma hanyar bayan gida, wadda ƴan majalisar gunduma ke bi idan suna tsoron jama'a za su ƙi. Sai a kafa wata hukuma ta daban, ita ta ci bashin ta yi ginin, gunduma kuma ta riƙa biyan ta haya kowace shekara daga kasafin kuɗinta, idan haya ta cika ginin ya zama nata. A takarda wannan haya ce, shi ya sa a wurare da yawa ba ta bukatar ƙuri'a, amma kuɗin daga aljihun mai biyan haraji ɗin nan dai yake fita, kuma ruwanta yakan ɗara na farkon, tunda masu bashi sun san majalisa na iya ƙin ware kuɗin haya wata shekarar. Kada kuma a ɗauka tsarin ba ya tuntuɓe. Gundumar Jefferson a jihar Alabama ta bayyana karyewa a 2011 da bashin kimanin dala biliyan 4, mafi yawansa na aikin magudanan ƙazanta, birnin Detroit kuma ya bi sahu a 2013.

Tsohon Akanta ya amsa:

Malam Na-Birni, gaisuwa ta gari. Na yi shekaru ina riƙe da littattafan kuɗi a wata ƙaramar hukuma kafin in yi ritaya, saboda haka zan tsaya a kan tambayarka ta ƙarshe, kuma amsarta a taƙaice ita ce: a ƙasarmu ginin kotu ba aikin magajin gari ba ne.

Mun gaji tsarin Faransa, inda shari'a take hannun gwamnatin tsakiya kacokan. Kotun ɗaukaka ƙara da ke nan Zinder, da babbar kotun birni, da ƙananan kotunan garuruwa irin su Magariya da Tanut da Gure, duk suna ƙarƙashin ma'aikatar shari'a da ke Yamai, kuma gininsu da gyaransu daga kasafin kuɗin ƙasa suke fitowa, wani lokaci da tallafin abokan hulɗa na waje. Dokar da ke tsara ƙananan hukumomi ta fito a watan Satumba na 2010, kuma a 2016 da gwamnati ta fara miƙa musu ayyuka, fannoni huɗu ta miƙa: ilimi, lafiya, ruwa da muhalli. Shari'a ba ta ciki. Abin da ƙaramar hukuma kan iya yi shi ne ta ba da fili, ko ta taimaka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Idan an ci bashi don kotu a Nijar, gwamnatin ƙasa ce ta ci, ta hanyar takardun lamunin baitulmali da ake sayarwa a kasuwar kuɗi ta ƙasashe takwas masu amfani da sefa a yammacin Afirka, ko daga bankunan raya ƙasa irin BOAD mai hedikwata a Lome, sai kuɗin ya shiga tukunya ɗaya da na hanyoyi da asibitoci.

Amma bari mu ƙaddara doka ta yarda, mu yi lissafi irin na misali kawai. A ce ginin zai ci sefa miliyan 500. Idan an samo rancen shekara 10 da ruwa kashi 7 cikin ɗari, za a riƙa biyan kimanin miliyan 71 kowace shekara, jimilla wajen miliyan 712. Idan kuwa an samu shekara 25 da ruwa kashi 4, biyan shekara zai sauko zuwa miliyan 32, amma jimillar za ta kai miliyan 800. Dogon wa'adi yana sauƙaƙa numfashin kowace shekara, yana kuma ƙara abin da za a biya gaba ɗaya. Matsalarmu ita ce wancan dogon wa'adin da Ɗan Zango ya ambata ba kasafai ake samunsa a kasuwarmu ba, ko gwamnatin ƙasa ma mafi yawan takardunta na ƴan shekaru ne.

Sai kuma a tambayi abin da za a jinginar. Ni na san yadda kuɗin ƙaramar hukuma ke shigowa, domin da hannuna na ƙirga shi: lanho, wato harajin da masu gari ke tarowa bayan kaka, tikitin kasuwa na dala ashirin ko dala hamsin, wato sefa 100 ko 250, da mai karɓa ke yagowa daga ɗan littafinsa, kuɗin tasha, kuɗin mahauta, kuɗin sayar da filaye idan an yi sabon yanka. Akan kawo mini shi da yamma cikin leda, tsabar ƙarfe da tsofaffin takardun jika, in baje a tebur. Shekarar da damina ta yi gardama lanho ba ya taruwa, kuma ba wanda zai iya matsa wa manomin da rumbunsa ba kowa. Abin da ya shigo, albashin ma'aikata da man mota da kwasar shara sun cinye mafi yawansa. Mai ba da rance yana son ya ga kuɗin da ke shigowa shekara bayan shekara ba tare da tangarɗa ba, da rajistar gidaje da aka san darajar kowanne, da littattafan da aka bincika aka sa wa hannu. An kafa hukumar ANFICT domin tallafa wa ƙananan hukumomi da kuɗin aiki, to amma tallafi daban, rancen kasuwa daban.

Ko manyan biranen yankinmu ba su same shi da sauƙi ba. A 2015 birnin Dakar, lokacin Khalifa Sall yana magajin gari, ya shirya tsaf zai fitar da takardun lamuni na sefa miliyar 20, wato biliyan 20, domin gina wa masu talla a bakin titi kasuwa, sai gwamnatin Senegal ta dakatar da shirin ana dab da buɗe sayarwa. Ka lura, wannan kasuwa ce mai kawo haya, a babban birnin ƙasa, amma ta tsaya a hanya. A wajenmu kuma, tun watan Afrilu na 2024 aka rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa kantomomi, saboda haka zancen a tambayi jama'a ta ƙuri'a kafin cin bashi bai ma taso ba a yanzu.

Hajiya Mai Shari'a ta amsa:

Baba Akanta ya gama magana a kan wanda ke da alhaki. Ni zan ƙara wani abu da ke damuna a duk lokacin da aka tayar da wannan zance, domin na sha jin mutane suna cewa ai kotu tana karɓar tara da kuɗin hatimi da kuɗin takardar shaidar ɗan ƙasa da ta rashin laifi, me zai hana a jinginar da waɗannan a gina ta.

An gwada. A 2002 jihar Kalifoniya ta yi dokar karɓe gine-ginen kotuna daga hannun gundumomi zuwa hannun jiha, a 2008 kuma ta amince da cin bashin da zai iya kai dala biliyan 5 domin sababbin kotuna, a biya daga ƙarin kuɗin shigar da ƙara da tara. Da tattalin arziki ya tsuke, sai aka karkatar da wani kaso na kuɗin zuwa wasu bukatun gwamnati, ayyuka da dama suka tsaya. Amma abin da ya fi wannan muni shi ne abin da irin wannan tsari ke yi wa ita shari'ar. Ranar da biyan bashin gini ya dogara da yawan tarar da aka ci mutane, an sa alƙali cikin tsaka mai wuya, ko da shi mai tsoron Allah ne. A 2015 ma'aikatar shari'a ta Amurka ta binciki garin Ferguson a jihar Misuri, ta gano hukumar garin ta mayar da ƴan sanda da kotun gari hanyar tara kuɗin shiga, kuma talakawa baƙaƙen fata ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A wajenmu, inda mutum kan sayar da akuya kafin ya iya biyan kuɗin mota zuwa kotu, ƙara kuɗin shigar da ƙara daidai yake da rufe masa ƙofa.

Akwai hanya ta uku da Faransa ta bi wajen gina sabuwar kotun birnin Faris da aka buɗe a 2018: kamfanin Bouygues ne ya nemo kuɗi ya gina, yana kuma kula da ginin, gwamnati tana biyansa haya har shekara 27. An yi ta cece-kuce a kan tsadar wannan yarjejeniya. A ganina ita ma bashi ce, sai dai ta sa wata riga.

Malam Na-Birni, abin da ka gani a ofishin magatakarda ya fi tayar mini da hankali fiye da ƙarancin benci. Dokarmu ta ba sarakunan gargajiya ikon sulhu a rigingimun gona da gado, kuma takardar sulhun da suka sa wa hannu ita ce kan zama hujja idan magana ta kai kotu bayan shekaru. Idan ruwa ya ci wannan takarda, rikicin da kakanni suka kashe zai farka a hannun jikoki. Ɗakin ajiya mai rufin kirki da kabad na ƙarfe ba ya bukatar miliyan 500.

Alaramma Garin Malam ya amsa:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Na ga ana ta ambaton kuɗin ruwa kamar ba komai ba ne, alhali mafi yawan masu kuɗin garin nan, waɗanda da su ne za su sayi irin waɗannan takardu, ba za su taɓa abin da ke da riba ta haram ba. Wannan ma wani dalili ne da ya sa tsarin Amurka ba zai zauna mana yadda yake ba.

Malaman fiƙihu na zamani sun fitar da wata hanya da ake kira sukuk, kuma nau'inta da ya fi dacewa da gini shi ne na ijara, wato haya. Masu zuba kuɗi suna mallakar kadara ne, kowa da rabonsa, hukuma ta karɓi hayarta tana biya, a ƙarshen wa'adi ta saye ta. Abin da suke samu haya ce ta abin da suka mallaka. Ƙasar Senegal ta fitar da sukuk na sefa miliyar 100 a 2014, jihar Osun ta Najeriya kuma ta fitar da na naira biliyan 11.4 a 2013 ta gina makarantu, kuma makaranta kamar kotu take, ba ta sayar da komai. Na lura siffarsa ta yi kama da hanyar hayar da Ɗan Zango ya kwatanta, sai dai a sukuk dole mallakar ta zama ta gaskiya, idan ginin ya rushe ba da sakacin mai haya ba, asarar tana kan masu shi. Wasu malamai suna sukar yadda ake aiwatar da shi a yau, suna cewa wani lokaci suna kawai aka sauya. Kuma ko an bi wannan hanya, tambayar Baba Akanta tana nan daram: hayar daga ina za ta fito?

Malam Na-Birni ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, na ƙaru da ku duka. Yanzu na gane ƙorafina ba ƙofar magajin gari zan kai shi ba. Saura abu guda, Baba Akanta. Tunda ƙaramar hukuma ba ta da hurumin gina kotu, idan mu mutanen gari muka haɗa kuɗi, ko wani attajiri ya ɗauki nauyi, muka ce za mu yi wa waccan kotu rumfar jira da ɗakin ajiyar takardu, shin za a karɓa? Ɗan uwana ya ce shi zai fara ba da buhun siminti biyar, domin an ɗage shari'arsu zuwa bayan kaka kuma ya san zai sake komawa gindin bishiyar nan.

Tsohon Akanta ya sake amsawa:

Malam, gwamnati takan karɓi kyautar gini, mun ga an yi wa makarantu da ɗakunan shan magani, amma kotu tana da nata taka-tsantsan. Ku fara rubuta wa shugaban kotun takarda, shi kuma ya kai ta gaba zuwa ma'aikatar shari'a, kada a aza tubali ko ɗaya sai izini ya dawo a rubuce. Kuɗin ya bi ta hannun ƙungiya mai rajista ko ta hannun ƙaramar hukuma, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Shi kuwa ɗan uwanka, ka ce masa ya riƙe simintinsa tukuna. Mutumin da shari'arsa ke gaban alƙali bai kamata a ga sunansa cikin masu ba kotun kyauta ba, ko da buhu ɗaya ne, domin abokin shari'arsa zai ce an saye hukunci, kuma ba wanda zai iya wanke shi. Ya bari a yanke maganar gonar, sannan ya kawo.